Muhawara: Kama hayar tsohon gida na mako ɗaya a garin Ludlow, me ya kamata a sani kafin a biya?

Baban_Ikram:
Assalamu alaikum jama'a. Muna son kama ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen nan da ake bayarwa haya na hutu a Ludlow, can yankin Shropshire na Ingila, lokacin hutun makaranta na ƙarshen Oktoba. Mu bakwai ne: manya uku, har da Hajiya mahaifiyata mai fama da gwiwa, da yara huɗu, ƙaramar shekararta biyu. Daga Birmingham za mu taso da mota. Gidan da muka fi so a hoto an ce na ƙarni na 17 ne, irin mai baƙin katako da farin bango, a tsakiyar gari. Masu sani, me ya kamata mu tambaya kafin mu ba da kafin alƙalami?

Injiniya_Lere:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da matakala, tunda akwai Hajiya. A dokar gini ta yanzu a Ingila, matakalar gida ba ta wuce digiri 42 a miƙewa, tsayin kowane taki ba ya wuce milimita 220, kuma daga taki zuwa abin da ke saman kai dole a samu mita 2. Gidan da aka gina shekara 400 da suka wuce wannan doka ba ta hau kansa ba. Sau da yawa za ka tarar da matakala siririya mai murɗawa a bayan bututun hayaƙi, takin da ke kan kwana ya tsuke kamar yankan kankana, abin riƙewa kuma igiya ce aka ɗaura a bango. Hawa da sauƙi, saukowa ce matsalar, musamman da asuba da safa a ƙafa.

Ka rubuta wa mai gidan tambayoyi huɗu: taki nawa ne daga ƙasa zuwa ɗakin kwana, akwai ƙarfe ko katakon riƙewa tun daga ƙasa har sama, akwai ɗakin kwana a ƙasa, akwai banɗaki a ƙasa. Ka ce ya ɗauko maka hoton matakalar daga sama yana kallon ƙasa. Hoton talla kullum daga ƙasa ake ɗaukar sa, shi ya sa take fitowa da kyau.

MamanHanif:
Ƙari a kan na Injiniya: ƙyauren tare yara da ake matsewa tsakanin bango biyu ba ya kamawa a irin wannan gida, don bangon ba miƙaƙƙe ba ne, kuma ba za a yarda ku huda shi ba. Ku tambaya ko akwai wanda mai gida ya riga ya kafa. Tagogin sama ma ku duba, wasu gindinsu bai kai gwiwar babba ba.

Ɗan_Tudunwada:
Ni dai shawarata ku bar tsakiyar gari. A ƙauyukan da ke kewaye akwai tsofaffin rumbuna da garken dabbobi da aka mayar gidaje, yawancinsu a ƙasa ɗaya, ga filin yara, ga wurin mota a bakin ƙofa. Ludlow kuma tafiyar minti goma ce. Me zai sa a wahalar da tsohuwa saboda baƙin katako?

Hajjo_Coventry:
Ɗan_Tudunwada, akwai gaskiya a maganarka, amma akwai abin da ka bari. Wanda ya sauka a ƙauye, duk fita sai da mota, ko da burodi ne ya ƙare. Hanyoyin kuma siraran nan ne masu shinge hagu da dama, babu fitila, mota ɗaya ke wucewa. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan rana na faɗuwa tun kafin biyar na yamma. A cikin gari kuwa Hajiya za ta iya takawa a hankali zuwa kasuwa ta zauna ta ga mutane. Dattijuwar da aka ajiye a tsakiyar gonar tumaki mako guda, zaman kaɗaici za ta yi.

Malam_Tarihi:
Bari in ɗan yi bayanin irin gidajen, don ba iri ɗaya ba ne. Ludlow na da gine-gine kusan 500 da ke cikin rajistar kariya ta gwamnati. Garin ya taso ne a gindin fadar dutsen da Normawa suka fara ginawa a ƙarshen ƙarni na 11, ya yi arziki da ulu, sannan ya zama mazaunin majalisar da ke mulkin Wales da kan iyakarta har zuwa 1689. A fadar nan Yarima Arthur, yayan Sarki Henry na 8, ya rasu a 1502.

Gidajen katako su ne na wancan zamanin. Ana haɗa ƙashin gida da itacen oak, a cike tsakani da saƙar tsumagiya, a yaɓe da laka mai haɗe da ciyawa, a shafe da farar ƙasa. Wanda ya san yaɓe zai gane shi nan take. Otal ɗin Feathers na 1619 shi ne shahararren misali. Kashi na biyu su ne gidajen jan bulo na ƙarni na 18, irin waɗanda suka cika titin Broad Street da Mill Street. Waɗannan silin ɗinsu ya fi tsayi, tagogi manya, matakala ta fi faɗi. Sai dai a lura, wasu fuskar ce kawai ta bulo, ciki tsohon katako ne, don a wancan lokacin masu hali sun riƙa yi wa tsohon gida sabuwar fuska. Kada a yanke hukunci da hoton waje.

Baban_Ikram:
Allah Ya saka. A tallar an rubuta "Grade II". Me wannan ke nufi gare mu masu kwana bakwai?

Malam_Tarihi:
Mataki uku ne: na I, na II mai tauraro, da na II. Fiye da kashi 90 cikin 100 na gine-ginen rajistar Ingila a na II suke. Ma'anarsa mai gida ba ya canza taga, ƙofa, matakala ko bango sai da izinin ƙaramar hukuma. Gare ku kuwa ma'anarsa taga mai gilashi ɗaya, iska ta ƙasan ƙofa, da ƙofofi gajeru. Hukumar Historic England na da rajistar a intanet kyauta. Ka sa adireshin, za ka ga shekarun ginin da abin da aka yi shi da shi. Da haka kuma za ka tabbatar gidan yana nan da gaske.

Injiniya_Lere:
Gyara kaɗan, Malam. Ba kowane gidan rajista ne ke da gilashi ɗaya tak ba. Da yawa suna sa gilashi na biyu daga ciki, mai zamewa, ba tare da an taɓa tsohuwar tagar ba. Yana rage sanyi da ƙara sosai. A tambaya ko akwai shi a ɗakunan kwana.

Yanzu ɗumama gida, wanda shi ne babban abu a Oktoba. Ɗaya daga cikin uku za ku tarar.

Na farko boila ta gas da radiyeto. Ita ce mafi sauƙi. Bangon da ba shi da rufin zafi yana ɗaukar lokaci kafin ya ɗumama, don haka ku roƙi mai gida ya kunna tun ana gobe za ku zo. In kun iso, ku bar ta a digiri 18 zuwa 20 ba kashewa, ya fi a riƙa ƙurewa ana kashewa. Hukumomin lafiya na nan suna ba da shawarar kada ɗakin tsoho ya yi ƙasa da 18. A gaban boilar akwai ɗan agogon matsi, allurarsa ta zauna tsakanin 1 da 1.5 idan boilar ta huce. In ta faɗi ƙasa boilar ta tsaya, ku kira mai gida, kada ku buɗe wani famfo a ƙarƙashinta.

Na biyu hita mai tara zafi da dare, a tsarin Economy 7. Cikinta bulo ne, yana shan wuta awa bakwai da dare lokacin da take da araha, ya saki zafin da rana. Tsofaffin suna da maɓalli biyu. Wanda aka rubuta "input" shi ke faɗin yawan zafin da za ta tara, wanda aka rubuta "output" shi ke buɗe ƙofar da zafin ke fita. Kuskuren da aka fi yi: a bar na biyun a buɗe tun safe, kafin magariba bulon ya huce, a ce hita ta lalace. Daidai shi ne na farko a 4 ko 5, na biyu a 1 duk dare da rana, a buɗe shi da yamma, a mayar kafin a kwanta. Idan kun iso kun tarar an kashe ta a bango, ba za ku ga zafi ba sai washegari. Kuma ba a shanya kaya a kanta, gobara ake nema.

Na uku murhun itace, wanda yawanci ƙari ne a kan ɗayan biyun.

Mai_Gatari:
Murhun itace bari in karɓa. Akwatin ƙarfe ne mai ƙofar gilashi, da mashigar iska biyu, ta ƙasa da ta sama.

Buɗe duka biyun. Jera itace biyu matsakaita a ƙasa, ɗora ƙirare shida zuwa takwas a giciye, sa abin kunna wuta guda ɗaya a can sama. Daga sama ake kunnawa, ba daga ƙasa ba kamar murhun girki. Dalili: bututun hayaƙin da ya kwana biyu ba a hura ba cike yake da iska mai sanyi, tana danne hayaƙi ya dawo ɗaki. Wutar sama ita ke fara ɗumama bututun ya soma ja. Bar ƙofar a ɗan sakaye minti biyar kana tsaye a wurin, sannan ka rufe. Bayan kamar minti 15, idan itacen ya kama, rufe ta ƙasa, ka riƙa sarrafa wutar da ta sama. Ƙarin itace sai an ga garwashi, ɗaya ko biyu, kuma a buɗe ƙofar a hankali.

Idan gilashi ya yi baƙi, ko dai itacen ɗanye ne ko an toshe iska da wuri. Tun Mayun 2021 doka a Ingila ta ce itacen da ake sayarwa a ƙananan buhuna danshinsa kada ya wuce kashi 20 cikin 100, kuma za ka ga tambarin Ready to Burn a jiki. Kada a tsinto itace a daji a zuba, kada a sa kwali mai fenti ko roba, kada a sa gawayin gashi.

Toka tana riƙe wuta fiye da kwana ɗaya kuma tana fitar da iskar kabon monoksaid. A kwashe a bokitin ƙarfe a kai waje, ba a bar ta a kicin ba. Daren farko a danna maɓallin gwaji na na'urar da ke jin wannan iska. In babu na'urar, kada a hura wutar sam. In mutane biyu ko uku suka fara ciwon kai da jiri lokaci ɗaya, a buɗe tagogi, kowa ya fita, a kira lambar gaggawa 999. Da 'yar shekara biyu a gidan, sai da ragar tare wuta mai kewaye murhun gaba ɗaya, don jikinsa kan ƙona ko bayan wutar ta mutu.

Anti_Bilki:
Tunda an zo maganar hayaƙi, mata a ji wannan: a bar kasko da turaren wuta a gida. Tun Oktoban 2023 duk mai ba da gidan hutu a Ingila dole ya rubuta binciken haɗarin gobara, kuma yawancinsu sun sa ƙararrawar hayaƙi masu haɗe da juna, ɗaya ta yi kuka duka su ɗauka. Yawancin yarjejeniyoyin sun hana kyandir, gawayin turare kuwa ya fi kyandir. Ƙamshin ma yana kama labule, masu shara su rubuta cewa an sha taba, a cire daga kuɗin ajiya. Humra da turaren fesawa sun isa na mako guda. Haka soya manja har ya yi hayaƙi, a kicin mai gajeren silin ƙararrawa za ta tashi. Kuma don Allah kada a rufe ta da leda ko a cire batir. Gidan katako ne manne da na maƙwabta.

Ummu_Sudais:
Gaskiya ne Anti. Manja da kurkum kuma suna kama teburin kicin na katako, ba sa fita. A zo da faranti ko tabarmar roba a riƙa ɗora ludayi. Sabon lalle ma yana bari a farin zanen gado.

Abu_Maryam:
Ba a taɓo ruwa ba, kuma nan ne mu muka fi samun matsala. Banɗakin Ingila ba shi da magudana a ƙasa. A tsohon gida banɗakin sama a kan katako yake zaune, wani lokaci har da kafet, ƙarƙashinsa kuma silin ne na sirarun katako da filasta. Ruwan buta ko na alwala da ya zuba yana bin gefen bango da gindin masai ya sauka. Kwana uku ana haka sai tabo ruwan kasa ya fito a silin ɗin falo, gyaransa kuma ba na araha ba ne don sai an nemo mai aikin farar ƙasa. A yi alwala a tsaye cikin baho ko cikin shawa, a shimfiɗa tawul ɗaya na musamman a ƙasa, a shanya shi kullum. Hajiya a sama mata 'yar kujerar roba ta zauna ta miƙa ƙafa cikin shawa. Yara a nuna musu tun daren farko.

Ruwan zafi: a tambaya ko boila ce mai dafawa nan take ko tanki. Tankin irin waɗannan gidaje lita 120 zuwa 150 ne. Cika baho ɗaya na cin kusan lita 80, kodayake ba duka ne na zafi ba. Hitar cikin tanki kilowat 3 ce, lita 150 daga sanyi na buƙatar fiye da awa biyu da rabi. Mutum bakwai ba za su yi wanka a jere da safe ba. A raba, yara da dare, manya da safe. In boila mai dafawa nan take ce, ruwa ba ya ƙarewa, amma in an buɗe famfon kicin mai wanka zai ji sanyi.

In kun ja ruwan masai kuka ji inji ya yi ƙara a bayansa, mai niƙa ne. Takardar bayan gida kaɗai yake ɗauka. Tsumman goge jariri guda ɗaya ya isa ya tsayar da shi.

Ɗan_Tudunwada:
To kun ji. Matakala, sanyi, ruwa, hayaƙi. Duk wannan a hutu? Ina nan kan bakata.

Hajjo_Coventry:
Rumbun naka ma yana da nasa. Yawancinsu ba sa kan bututun gas na gari, da man ɗumama ko tukunyar gas suke aiki, masai kuma ramin tara ƙazanta ne da ba ya son bilic da yawa. Sabis na waya ma sai an fita tsakar gida. Kowanne da irin kulawar da yake so.

Lauya_Sambo:
Bangaren kuɗi da yarjejeniya. Yawanci ana biyan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku a matsayin kafin alƙalami, ciko kuma mako shida zuwa takwas kafin ranar shiga. In lokacin ya riga ya matso, duka za a nema. Mutane da yawa na zaton duk abin da aka saya a intanet akwai kwana 14 na fasawa. Masaukin da aka kama na takamaiman rana ba ya cikin wannan. In kun fasa, abin da yarjejeniya ta ce shi ne, don haka a karanta wannan sashe kafin a biya, ba bayan ba.

Adadin mutane: in an rubuta gidan na mutum shida ne, shida ne. Wasu ba sa ƙirga jaririn da ke kwana a gadon jarirai, amma galibi iyakar shekara biyu ce, taku kuwa ta kai. A rubuta a tambaya, a ajiye amsar. Inshorar mai gida da lissafinsa na gobara a kan wannan adadi suke, kuma yana da ikon ya sallame ku ba tare da mayar da kuɗi ba. 'Yan'uwa da za su zo daga Birmingham su wuni ma a sanar da shi.

Ranar shiga, kafin a sauke jaka, a zaga da waya a ɗauki bidiyon kowane ɗaki, da silin, da kafet, da teburin kicin. Duk abin da aka gani a fashe a tura wa mai gida a ranar.

Biya kuma, kada a yarda a fitar da ku daga shafin zuwa tura kuɗi ta banki don an yi alkawarin ragi. Sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya sa kamfanin katin bashi ya ɗauki alhaki tare da mai sayarwa a kan abin da ya haura fam 100 har zuwa 30,000.

Abu_Maryam:
Barista, da yawanmu ba ma riƙe katin bashi saboda riba.

Lauya_Sambo:
Na sani, Malam. Katin cire kuɗi na asusunka ma yana da hanyar da banki ke janyo kuɗi in ba a ba ka abin da ka biya ba. Bambancin shi ne wannan ƙa'idar kamfanonin kati ce, ba doka ba, kuma tana da wa'adi, galibi kwana 120. Duk da haka ta fi tura kuɗi kai tsaye nesa ba kusa ba. Ko mai katin bashin ma ya sani, in ta hannun dillali kuɗin ya bi, ana iya jayayya a kan sashe na 75.

Ummu_Sudais:
A duba maganar kare. Kaso mai yawa na gidajen hutu a ƙauyukan Ingila suna karɓar masu karnuka, kuma kare na hawa kujera da kafet. A shafukan akwai wurin tace waɗanda ba sa karɓar dabba sam. Ko an samu haka a tafi da dadduma da babban zane na shimfiɗawa. Wasu masu gida kuma suna ajiye kwandon maraba da kwalbar giya a ciki. Saƙo ɗaya cikin ladabi ya isa su musanya da ruwan tuffa.

Kicin: tukwanen gidan ƙanana ne, kuma an soya naman alade a kaskon. A tafi da babbar tukunya ɗaya, kasko, muciya da wuƙa. Amma a fara tambayar irin murhun. In mai aiki da maganaɗisu ne, tukunyar alminiyam ta gida ba za ta yi zafi ba ko kaɗan. Gwajin: manna maganaɗisun firiji a gindin tukunya, in ya kama za ta yi.

Sarkin_Fawa_B10:
Nama a saya tun daga Birmingham, Coventry Road ko Stratford Road ko Alum Rock, a daskarar, a zuba a kula da ƙanƙara. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya da rabi ba. Sai dai firijin irin waɗannan gidaje sau da yawa ɗan ƙarami ne na ƙarƙashin tebur, wurin ƙanƙararsa bai fi a sa kaza ɗaya ba. A tambayi girmansa. In ƙarami ne, a soya naman tun a gida.

Kasuwar Ludlow na ci a dandalin gaban fada ranakun Litinin, Laraba, Juma'a da Asabar. Kayan lambu, ƙwai, zuma, burodi, cuku, da tuffa iri-iri don Oktoba lokacinta ne. Garin ya yi suna a abinci, tun 1995 suke bikin abinci duk Satumba, amma sunan nasu rabi a kan tsiran alade ne. Fidget pie na yankin da naman alade ake yin sa. Cider da perry giya ce ta tuffa da ta fiya, ba lemo ba. Duk abin da aka gasa da ɓawon fulawa a tambaya ko da kitsen alade aka murza.

Hajjo_Coventry:
Tesco da Aldi na kusa da tashar jirgi. Ranar Lahadi manyan shaguna awa shida kawai doka ta ba su, yawanci kafin biyar sun rufe.

Alaramma_Salop:
Sallar Juma'a: Craven Arms, kimanin mil 8 arewa a kan hanyar A49, tasha ɗaya a jirgin ƙasa. Akwai babbar mayankar tumaki ta halal a garin, al'ummar Musulmi ta taru a dalilinta, kuma suna da masallaci. A nemi lokacin huɗuba tun ranar Alhamis, don canjin agogo na taɓa shi. Daga can fadar Stokesay ba nisa, wadda wani attajirin ulu, Laurence na Ludlow, ya gina a ƙarshen ƙarni na 13. Ana iya haɗa biyun a fita ɗaya.

Alƙibla daga Ludlow kusan digiri 117 ce daga arewa, wato gabas maso kudu. Kada a auna kusa da murhun itace ko radiyeto, ƙarfen na karkatar da kamfas ɗin waya. A fita waje a auna, a lura da wane bango ya dace. A ɗakin sama kuma mai tsayi ya duba azarar da ke kansa kafin ya tayar da kabbara, wasu ba su kai mita 1.8 ba.

MamanHanif:
Ƙararrawar cocin St Laurence fa? Gidan tsakiyar gari a gindinta yake.

Malam_Tarihi:
Tana buga sauti da ƙarfe 8 na safe, 12, 4 da 8 na dare, ban da ta ibada ranar Lahadi. Abin da ya fi damun mai barci shi ne gidan da ke jikin mashaya daren Juma'a da Asabar, da masu kafa rumfunan kasuwa da sassafe. A buɗe taswira a ga me ke maƙwabtaka da gidan. Hasumiyar cocin tana da taki kusan 200, daga sama ana ganin gari duka da tsaunin Clee. Hajiya kuma a kai ta Whitcliffe Common da mota, tsallaken kogin Teme, akwai benci, fadar gaba ɗaya na gabanta.

Direban_M5:
Mota. Yawancin gidajen cikin gari ba su da wurin fakin. In an rubuta "akwai fakin kusa", a tambaya mita nawa, na kuɗi ne, kuma ana kwana. Akwai filin Castle Street a sama, da Galdeford da Smithfield. A karanta allon kowanne, don wa'adinsu ba ɗaya ba ne. Garin a kan tudu yake, daga Smithfield ko tashar jirgi hawa ne. Dabara ita ce a tsaya bakin ƙofa a sauke Hajiya da kaya, direba ya wuce da mota. Broad Gate, ƙofar ganuwa ɗaya tilo da ta rage, matsattsiya ce, mai babbar mota ya shiga a hankali. Ana shiga gida yawanci daga ƙarfe 4, fita 10 na safe, makulli a ɗan akwati mai lamba a jikin bango. A ajiye lambar a waya tun kafin a taso, kuma a riƙe tocila.

In gidan na ƙasan gari ne, wajen Lower Corve Street ko bakin Teme, a sa lambar unguwar a shafin gwamnati na duba haɗarin ambaliya. A Yunin 2007 ruwan kogin Corve ya karya gada a garin. Ƙarshen Oktoba lokacin ruwa ne.

Nas_Rabi:
Asibitin Ludlow ƙarami ne, ba shi da sashen gaggawa na dare da rana. Manyan suna Hereford da Shrewsbury, kowanne tafiyar minti 40 ko fiye. A ƙirga maganin Hajiya na kwana goma, ba bakwai ba. Abin da ba na gaggawa ba a kira 111. A rubuta cikakken adireshin gidan a manna a firiji, don a ruɗe ba a tuna shi.

Baban_Ikram:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Mai gidan katakon ya amsa: taki 13, matakalar na da lanƙwasa biyu, igiya ce abin riƙewa, banɗaki ɗaya ne kuma a sama, hita mai tara zafi. Na sami wani na bulo a Mill Street, hawa uku, boilar gas, akwai masai da wurin wanke hannu a ƙasa, amma ɗakunan kwana da shawa duk a sama. An ce ana iya sa gado a ƙaramin falon ƙasa.

Injiniya_Lere:
Na farko ya fita, da Hajiya ba zai yiwu ba. Na biyun a tambaya gadon na gaske ne ko kujera mai buɗewa, don ita ƙasa-ƙasa take, tashi daga kanta na wahalar da gwiwa. A kuma tambaya ko binciken gobarar gidan ya amince a kwana a wannan falo, musamman in akwai murhu a ciki.

Ɗan_Tudunwada:
Kuma duk da haka sai ta hau bene kullum don wanka.

Hajjo_Coventry:
Sau ɗaya a rana, da rana tsaka, da mai riƙe ta, a matakala mai faɗi. Wannan daban yake da hawa biyar na alwala. Baban Ikram, tambayi Hajiya da kanta, nuna mata hoton matakalar.

Abu_Maryam:
A tambaya kuma shawar a cikin baho take ko ta tsaye ce. In a baho ce, gefensa ya kai rabin mita, ɗaga ƙafa ta tsallaka shi ya fi matakalar wuya. Akwai katakon zama da ake ɗorawa a kan baho, shagunan kayan tsofaffi na sayarwa, amma a auno faɗin bahon tukuna, don irin tsohon nan mai ƙafafu gefensa a lanƙwashe yake, katakon ba ya zama a kai.